Garin da Ba a San Su Ba: Soyayyar Mata, Majigi da Shirun Karkara

A shekarar 2000 wata 'yar ƙasar Zimbabuwe mai suna Sue Maluwa-Bruce, tare da abokan aikinta biyu Jamusawa, Beate Kunath da Yvonne Zückmantel, ta fitar da wani gajeren fim da bai wuce rabin sa'a ba, mai suna Forbidden Fruit, wato haramtaccen ɗan itace. Labarinsa ba shi da rassa da yawa. Mata biyu ne maƙwabtan juna a wani ƙauye, Nongoma da Tsitsi, son juna ya shiga tsakaninsu. Da asiri ya tonu sai Nongoma ta gudu birni. Bayan shekara biyu suka yi kiciɓis, suka yanke shawarar su tattara ya-nasu-ya-nasu su koma wani ƙauye inda babu wanda ya san su. A nan fim ɗin ya tsaya.

Abin da ya faru a bayan kyamara ya fi na gabanta nauyi. 'Yan wasan da aka fara ɗauka sun janye jiki saboda tsoron abin da zai biyo baya, kuma tsoron nasu yana da tushe. Shekara biyar kacal kafin nan, a 1995, Shugaba Robert Mugabe ya tsaya a bikin baje kolin littattafai na Harare ya yi wa masu neman jinsinsu wankin babban bargo, gwamnatinsa kuma ta hana ƙungiyarsu kafa rumfa a wurin. Da 'yan wasa suka watse, Maluwa-Bruce ta koma ga dangi da abokai, su suka tsaya mata aka ɗauki fim ɗin a yankin Mutare. A 2001 ya sami lambar yabo ta alƙalan gasar Teddy a bikin fina-finai na birnin Balin.

Ni dai ba lambar ce ta tsaya mini a rai ba. Ƙauyen nan na ƙarshe ne, wanda ba a san kowa ba. Na yi ta neman sa a ƙasarmu ta Bagudo ban same shi ba. Mace baƙuwa ta sauka daga kwale-kwale a Lolo, ko ta sauka daga kan babur a bakin kasuwar Ka'oje, kafin ta shanye ruwan da aka miƙa mata an tambaye ta ɗiyar wane ce, matar wane ce, wurin wa ta zo. Kafin la'asar mai unguwa ya ji, kafin magariba labari ya kai rijiya. Idan su biyu ne, babu miji babu muharrami, to sun riga sun amsa tambayar da ba a yi musu ba tukuna. Wannan ita ce maganar da nake son bi a tarihi: abin da ya hana irin wannan labari hawa majigi a karkararmu, tun kafin doka da hukumar tace fina-finai, shi ne sanayya. A ƙauye ɗan wasa da ɗan kallo rijiya ɗaya suke sha, kuma wanda ya fito a allo da dare, da shi za a yi sahu a masallaci da asuba.

Bagudo wuri ne da ya dace a gwada wannan magana, domin tana bakin wata iyaka da ta raba doka gida biyu ba tare da ta raba mutane ba. A ƙarshen ƙarni na sha tara ƙasar Borgu, mai manyan garuruwa irin su Nikki da Busa da Illo, ta zama ƙashin da Ingila da Faransa suke ja-in-ja a kansa. A watan Nuwamba na 1894 Kyaftin Lugga, wanda daga baya ya zama gwamna, ya riga Bafaranshe Decoeur isa Nikki da 'yan kwanaki, ya karɓi takardar yarjejeniya. Wannan tsere bai amfane shi ba. Ranar 14 ga Yuni, 1898, aka zauna a Faris aka ja layi: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, daga baya kuma aka haɗa Illo da ƙasar Gwandu. Yau Tsamiya tana kallon Segbana, Lolo tana kallon Madekali a kan hanyar Malambil. Dandawa da Bussawa da Kyangawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa suna nan a kowane ɓangare, suna auratayya, suna cin kasuwar juna, suna zuwa wa juna gaisuwar mutuwa.

Kowane ɓangare kuma ya gaji dokar ubangidansa. Faransa ta cire saduwar jinsi ɗaya daga jerin laifuffuka tun a kundinta na 1791, shi ya sa ƙasar Dahome, wadda ta zama Jamhuriyar Benin, ba ta da dokar da ta mai da abin laifi tsakanin manya. Ingila kuwa ta zo da nata. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinsa ne daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860, kuma sashe na 284 a cikinsa yana hukunta saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a. A shekarar 2000 Jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka. Sai kuma Janairun 2014, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga wanda ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Hawa uku ke nan a gefenmu, a wancan gefen kuwa ko ɗaya babu. Da doka ce kaɗai take ɗaure baki, da mai tsallakawa ya ji bambanci a hirar mutane. Amma duk wanda ya taɓa cin kasuwa a tsallaken ya san abin da ba a faɗa a Tsamiya ba a faɗarsa a Segbana. Uwar da za ta rufe fuska don kunya a nan, ƙanwarta ce take aure a can.

Sai mu duba yadda ita kyamarar ta zo mana. Baƙuwa ce tun asali, kuma a hannun baƙo ta zo. A tsakanin 1946 da 1947 Bafaranshen nan Jean Rouch da abokansa biyu suka bi kogin Kwara cikin kwale-kwale tun daga mafarinsa har teku, wato sun ratsa ta ruwan da ya bi ta ƙasar Illo. Abin da Rouch ya ɗauko a wannan tafiya shi ne farautar dorina ta Sarkawa a can sama, cikin ƙasar Nijar ta yau: maza, masu, ruwa, bori a fili. A gefen Ingila kuwa motar majigi ce take yawo ƙauye-ƙauye, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi a nuna yadda ake tsabtace rijiya da yadda ake noman gyaɗa da auduga, mai fassara yana ta bayani da lasifika. Duka biyun a waje suka tsaya. Kyamara ta ga kasuwa, ta ga gona, ta ga hawan salla, amma da ta iso zaure sai ta tarar da abin da kowane baƙo namiji yake tararwa: ba a shiga. Rayuwar mata ta cikin gida, da daɗinta da ɗacinta, da kishi da ƙawance da raɗe-raɗin tsakar dare, ba ta hau allo ba sai bayan shekaru masu yawa. Idan har daka da kitso ba su sami shiga ba, ina ga abin da ake ɓoye wa ko da uwar ɗaki?

Daga wannan rashin gani ne aka gina wata magana da ake yawan ji a majalisa da kan mumbari, cewa fim da Turawa da intanet ne suka kawo mana wannan abu. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Hausa tana da kalmar maɗigo, kuma ba ararriya ba ce daga Turanci. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafinsa kan 'yan daudu a 2009, ya kawo kalmar kifi cikin zaurancen da ake sakaya zancen da shi. Mafi ƙarfin hujja ma tana cikin zauren malamanmu. Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda aka wallafa a Masar a ƙarni na sha huɗu, kuma ake karanta shi a Gwandu da Sakkwato tun kafin a ƙera kyamarar ɗaukar fim, ya ambaci saduwar mace da mace a babin zina, ya fitar da ita daga haddi, ya bar ta ga ladabtarwa gwargwadon ganin alƙali. Malami ba ya ɓata tawada a kan abin da ba ya faruwa, jama'a kuma ba ta raɗa wa babu suna. Hukuncin addini a kan aikin sananne ne, ba kuma shi nake jayayya da shi ba. Abin da nake cewa shi ne haramci daban, rashin samuwa daban, kuma mun daɗe muna fakewa da na farkon don mu yi da'awar na biyun.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda ya kamata ɗalibi ya yi hattara da shi. Wasu masu sha'awar wannan fanni daga waje, da zarar sun ga mata biyu sun shaƙu a tarihin Afirka, sai su yi carab su sa musu sunan da suka zo da shi a aljihu. A 1937 Melville Herskovits ya yi rubutu kan al'adar Fon ta Dahome inda mace mai dukiya take biyan sadakin wata mace, 'ya'yan da aka haifa su zama na gidanta. Ifi Amadiume ta bayyana irin wannan a garin Nnobi na ƙasar Ibo a littafinta na 1987, ta kuma tsaya kai da fata cewa lamarin na gado ne da dukiya da neman magaji, kada a fassara shi da kwanciya. A ƙasar Hausa muna da shaidar Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954. Baba ta yi bayanin ƙawance a matsayin alaƙa mai ƙa'ida: a ƙulla ta da kyauta, a raya ta da biki, abin da ƙawa ta kawo miki ranar sunanki ki ninka mata ranar nata. Sau da yawa aure yakan mutu ƙawance yana nan. Babu wani abu a bakin Baba da ya ba mu izinin mu kira wannan da wani suna. Abin da za mu iya cewa kawai shi ne al'ada ta buɗe wa mata fili mai faɗi na kusantar juna, su kwana ɗaki ɗaya, su yi wa juna kitso da lalle, su riƙe sirrin juna, ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Mafi yawan abin da ke cikin filin nan zumunci ne tsantsa. Idan wani abu dabam ya taɓa gilmawa a ciki, to ya wuce ne cikin rufin asiri, ba a ba shi suna ba balle a kai shi gaban alƙali. Shirun nan hukunci ne, domin wadda abin ya shafa ba ta da bakin faɗar damuwarta. Amma kuma sutura ne, kuma a ganina duk wanda bai riƙe waɗannan fuskoki biyu tare ba, bai fahimci ƙauye ba.

Da masu shirya fim na Afirka suka fara taɓa zancen, kusan dukkansu birni suka nufa. Joseph Gaï Ramaka na Sanagal ya fitar da Karmen Geï a 2001, inda jarumar take jan hankalin shugabar gidan yarin mata a tsibirin Gore, ita kuma shugabar, Angélique, ta ƙare da hallaka kanta a teku. A watan Satumba na shekarar mabiya ɗariƙar Muridiyya suka yi dafifi a Dakar har aka janye fim ɗin. Abin lura shi ne babban abin da ya tunzura su: an rera baitocin Shaihu Ahmadu Bamba a wurin jana'izar wannan mata. Wato haɗa abin da ake girmamawa da abin da ake ƙyama a allo ɗaya shi ne ya fi ciwo. A kudancin Nijeriya, Emotional Crack na Lancelot Imasuen ya fito a 2003, labarin matar da mijinta yake duka ta faɗa hannun farkar mijin, ƙarshensa kuma bala'i. Wannan shi ne tsarin da kasuwa ta yarda da shi shekara da shekaru: a nuna, 'yan kallo su kashe kwarkwatar ido, sannan a kashe ko a haukatar ko a tubar da mai laifi kafin a rubuta sunayen 'yan wasa.

Rafiki na Wanuri Kahiu, wanda ya fito a 2018, shi ya ƙi bin wannan tsari, kuma a kan haka ya sha wuya. An gina shi a kan gajeren labarin Monica Arac de Nyeko 'yar Yuganda, wanda ya ci gasar Caine a 2007, kuma shi ne fim ɗin Kenya na farko da aka zaɓa a bikin Cannes na Faransa. Hukumar tace fina-finai ta Kenya, ƙarƙashin Ezekiel Mutua, ta hana nuna shi. Kahiu ta bayyana cewa an nemi ta sauya ƙarshen ne, domin bai nuna nadama ba. A watan Satumba na wannan shekara Mai Shari'a Wilfrida Okwany ta ɗage hanin na kwana bakwai, gidajen sinima na Nairobi suka cika maƙil, sannan ƙofa ta sake rufuwa. Amma abin da ya fi jan hankalina a Rafiki ba kotu ba ce. Wata mata ce mai ɗan shagon abinci a unguwar, Mama Atim, wadda idonta yake kan kowa. Ita ce ta kai gulmar da ta sa taron unguwa ya rufe Kena da Ziki da duka. Ko a tsakiyar Nairobi, ashe, da ƙauyen da ke cikin unguwa aka ci su. Kowane ɗan Bagudo ya san Mama Atim, sai dai sunanta ya bambanta daga gari zuwa gari. Shi kuwa Ìfé, wanda Uyaiedu Ikpe-Etim ta ba da umarni Pamela Adie ta ɗauki nauyi a 2020, kusan gaba ɗayansa a cikin gida ɗaya aka yi shi a Legas, ƙofa a rufe. Da shugaban hukumar tace fina-finai ta ƙasa, Adedayo Thomas, ya yi gargaɗin hukunci, sai masu fim ɗin suka kauce wa sinima suka sake shi ta intanet a watan Disamba.

Dakar, Nairobi, Legas. Birni yana sayar da wani abu da kuɗi ba ya saye a karkara, wato a wuce ka ba a san ka ba. 'Yar wasan birni tana iya sauya unguwa, ta sauya lambar waya, ta hau jirgi idan ta ƙure. Shi ya sa ɗan fim ɗin Mutare, duk da ƙanƙantarsa, ya zama abin ambato a wannan tarihi: ya kai kyamara inda babu mafaka. Ya kuma bar mu da tambayar da ba a cika yi ba a wuraren raba lambobi. An tafa a Balin, mai fim ta karɓi yabo. Dangin nan da suka ba da fuskokinsu kuwa a gida suka kwana, cikin maƙwabtansu.

A ƙasar Hausa hanyar ta bi ta wani wuri dabam. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, fim ɗin Hausa ya yi abin da majigin Turawa ya kasa: ya shiga cikin gida, ya nuna kishiya da uwar miji da bazawara. Amma ya shiga ne ƙarƙashin ido. An kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001, jim kaɗan bayan ƙaddamar da shari'a. Shekarar 2007 kuwa ta zo da abubuwa biyu da suka nuna inda iyakar take. A watan Afrilu aka baza labarin wai wata mata a Kano ta auri mata huɗu a wani biki, rahotanni suka alaƙanta su da harkar fim, hukuma ta rushe dandalin da aka yi taron, matan suka ɓuya. Daga baya matar ta fito ta musanta, ta ce taro ne na tallafa wa 'yan matan su auri mazajensu. Musantawar ba ta yi tafiyar da zargin ya yi ba, ginin da aka rushe kuma bai tashi don ta musanta ba. Bayan 'yan watanni wani bidiyon sirri na wata 'yar wasa, wanda aka ɗauka da waya, ya fita yana yawo hannu-hannu. Aka dakatar da ɗaukar fim na wani lokaci, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka shiga shekarun kame da tara. Masana'antar da a 2016 ta kori Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi namiji a bidiyon waƙa, ba a sa ran ta tunkari labarin Nongoma da Tsitsi.

Akwai wani abin mamaki a nan da ban ga an cika kula da shi ba. Saboda namiji da mace ba sa taɓa juna a fim ɗin Hausa, kusan duk taɓawar tausayi da ake gani a allonmu tsakanin mace da mace take. Ƙawa ce take share wa ƙawa hawaye, ita take riƙe hannunta, a kafaɗarta ake kuka, a gadonta ake kwana ranar da aka yi yaji. Mun kalli wannan shekara talatin ba mu ga komai ba sai zumunci, kuma daidai muka gani. Filin nan na Baba ta Karo ne ya hau allo da suturarsa.

Ƙauye kuwa, a idon Kannywood, wurin dariya ne ko wurin tausayi. Ko dai marigayi Rabilu Musa Ibro ya shigo birni da ƙauyancinsa, ko kuma yarinya mai tallan nono ta haɗu da ɗan mai kuɗi. Ba a cika ba mutumin karkara zuciya mai sarƙaƙiya ba. Haka ma idan zancen maɗigo ya taso a wa'azi ko a rediyo, akan jingina shi ga makarantun kwana da matan manya da otal-otal na birni, ƙauye kuma ya gyara zama ya ce Allah ya raba mu. Sakamakon haka, yarinyar karkara da ta tsinci zuciyarta a wannan hali ba ta da labarin da za ta gane kanta a ciki, ko da na gargaɗi ne. Fassarar da ta rage wa iyayenta ita ce aljani ko sammu, maganin kuma ruƙiyya da hayaƙi da aurar da ita da gaggawa ga wanda ya fara sallama. Idan auren ya mutu a ce ba ta da haƙuri. Shi ma mijin da aka ɗaura wa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, yana cikin waɗanda shirun ya ci.

Yanzu kuma zamani ya juya. Mun taso muna biyan kuɗi a gidan kallo mai janareta, daga baya aka koma shagon masu tura fim a waya, inda ake cika maka katin ajiya da na Kano da na Indiya mai fassara da duk abin da ka nema a raɗe. Lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafa da man fetur aka tsare. Babu jami'in kwastan da ya taɓa kama fim a cikin aljihun ɗan acaɓa. Don haka maganar hana gani ta riga ta wuce, duk abin da aka yi a Legas ko Nairobi yana iya kwana a Illo. Babban sauyin ma ba a kallo yake ba, a ɗauka yake. Kyamarar da ta shekara ɗari tana tsaye a zaure yau tana cikin ɗaki, kuma ba a hannun Rouch take ba, ba a hannun Maluwa-Bruce ba. Tana hannun ƙane, da kishiya, da saurayin da aka ƙi.

Abin da nake tsoro ke nan, kuma shi ya sa na ga tarihin nan ya shafe mu. Fim na farko da za a yi a karkararmu kan wannan batu ba zai kasance mai marubuci da darakta ba. Zai zama na minti biyu, hoto yana rawa, an tsare 'yan mata biyu a tsakar gida ana yi musu tambayoyi, yara sun hau katanga, wani yana cewa su ɗago fuska. Ba ya bukatar izinin hukumar tacewa, ba ya bukatar shaida, ba ya ma bukatar abin ya zama gaskiya, kamar yadda Kano ta gani a 2007. Kafin a kira sallar isha ya tsallaka Segbana ta WhatsApp, wato ko tsohuwar mafakar nan ta gudu tsallaken iyaka wurin gwaggo ta rushe. Shari'ar da ake fakewa da ita wajen irin wannan tonon silili ita ce ta tsananta sharuɗɗan shaida, ta hana bin diddigin asirin mutane a cikin Suratul Hujurati, ta kuma bar hukunci a hannun alƙali, ba ta miƙa shi ga taron 'yan kallo ba. Ɓarnar kuma ba ta tsaya kan waɗanda ake zargi ba. Tun da zargi ya yi arha, 'yan mata biyu da suka shaƙu tun suna tallan goro sun fara sakin hannun juna idan sun hango mutane. Ƙawancen da ya riƙe kakanninmu mata a cikin kulle da kishi da mutuwar aure, shi ne yake biyan kuɗin.

Ba ina kira ne a ɗauko Rafiki a sake shi a Ka'oje ba. Wanda ya yi haka ɗiyar wani zai jefa a wuta, shi ya koma birni ya karɓi tafi. Amma ina ganin akwai fim ɗin da marubucin Hausa zai iya yi ba tare da ya leƙa ɗakin kowa ba, ba tare da ya yi jayayya da malami ba. Ya juya kyamarar ta kalli masu kallo. Ya nuna yadda magana take tashi daga bakin rijiya ta isa fada, da uban da yake jin ta a majalisa daga bakin abokinsa, da ƙanwar da aka fasa aurenta saboda laifin da ba a tabbatar wa yayarta ba, da limamin da zai zaɓa tsakanin abin da ya karanta a littafi da abin da taron da ke ƙofar gidansa yake so ya faɗa. Wannan labarin namu ne gaba ɗaya, kuma 'yan wasansa ba sa bukatar su gudu.

Har yanzu nakan koma ga ƙarshen fim ɗin Mutare in ɗora shi a kan ƙasarmu. Ga Nongoma da Tsitsi sun sauka a mashigar Lolo da ƙullin kayansu, rana ta yi sanyi, masunta suna jan taru. Wata dattijuwa mai sayar da soyayyen kifi ta yi musu sannu da zuwa, ta matsa musu a kan benci, ta tambaye su daga ina. A bayanta jikanta yana zaune a kan kifaffen kwale-kwale, ya ɗaga waya, ya riga ya fara ɗauka.